TASHAR JIRAGEN RUWA TA IKKO: ABIN DA MAI ZIYARA ZAI GANI

Gabatarwa

An shirya wannan ɗan littafi domin Hakimai da Malamansu, musamman waɗanda aiki, ko taro, ko ziyarar 'yan'uwa za ta kai su Ikko, watau birnin da a ke kira Legas. Da yawa daga cikin mutanenmu su kan je wannan birni, su sauka a Agege ko Idi-Araba, su gama abin da ya kai su, su komo gida ba su ko leƙa bakin teku ba. Wanda ya leƙa kuwa, galibi abin da ya ke kawowa gida bai wuce labarin girman jirage da yawan ruwa ba. Wannan hasara ce, gama yau fiye da shekara 100 ke nan tashar Ikko ita ce babbar ƙofar da amfanin gonar Arewa ya ke fita ta cikinta, ta nan ne kuma tufafi da taki da injuna su ke shigo mana.

Nufinmu shi ne mu bayyana yadda wurin ya ke, da yadda aka buɗe shi, da abin da ya kamata a duba, domin wanda ya je ya yi kallo da fahimta, wanda bai je ba kuma ya sami abin da zai yi wa talakawansa bayani da shi.

Siffar wurin

Tsohon garin Ikko a kan tsibiri ya ke. A bayansa akwai wani babban tafki, wanda kogin Ogun da waɗansu ƙananan koguna su ke zuba a ciki. Tsakanin tafkin da teku akwai siririyar ƙasa ta rairayi, wadda ta miƙa gabas da yamma. A wuri ɗaya wannan ƙasa ta tsage, ruwan tafki ya sami hanyar fita zuwa teku. Wannan tsaga ita ce ƙofar tashar, kuma ita ce asalin arzikin garin.

Yarabawa suna kiran garin Eko, daga nan ne muka sami sunan Ikko. Sunan Legas kuwa daga Turawan Fotugal ya fito, waɗanda jiragensu suka iso wannan gaɓa wajen shekarar 1472. Ma'anar kalmar a harshensu ita ce tafkuna.

Idan mutum ya tsaya a kan titin Marina, wanda ya bi gefen tsibirin, ya fuskanci ruwa, to, Apapa ce ya ke hange a ƙetare, inda manyan jirage su ke jingine. Ta hannun hagunsa hanyar fita teku ta ke. Ta hannun damansa kuma akwai gadar Eko da gadar Carter, da Iddo, inda tsohuwar tashar jirgin ƙasa mai zuwa Kano ta ke. Wanda ya riƙe waɗannan kusurwoyi a ransa, sauran bayanin ba zai yi masa wuya ba.

Tudun rairayi, da yadda aka buɗe ƙofa

Kada a zaci haka Allah ya halicci wurin a buɗe. A dā akwai tudun rairayi kwance a ƙarƙashin ruwa daidai bakin ƙofar, zurfin ruwan da ke bisansa sau da yawa bai fi ƙafa 10 ko ɗan abin da ya ɗara ba, ga shi kuma ba ya zama wuri ɗaya. Raƙuman ruwa su kan karye a kansa da ƙarfi, sun kuwa ci jirage da rayuka masu yawa. Saboda haka manyan jirage ba su iya shiga. Sai su tsaya can waje cikin teku, a sauke mutane da kaya cikin ƙananan jirage da kwale-kwale. Wani lokaci ma sai babban jirgi ya wuce da kayan Ikko har Forkados, a bakin kogin Kwara, inda ruwa ya ke kwance, a juye su cikin ƙaramin jirgi a komo da su. Kowane juyi kuwa kuɗi ne, kuma a kan mai saye da mai sayarwa kuɗin ya ke faɗawa.

Wajen 1907 aka soma aikin maganin wannan. Dabarar ita ce a gina dogayen ganuwoyi na duwatsu, ɗaya gabas da ƙofar, ɗaya yamma, su shiga cikin teku. Amfaninsu biyu ne. Na fari, su tare rairayin da igiyar ruwa ta ke turowa ta gefen gaɓa. Na biyu, su matse ruwan tafki sa'ad da ya ke fita, domin ya ƙara gudu ya share hanyarsa da kansa, kamar yadda ruwan lambu ya kan yi ƙarfi idan aka ƙuntata masa kwari. Da ya ke babu dutse a Ikko, daga Aro kusa da Abeokuta aka riƙa faso duwatsun, a kawo su cikin jirgin ƙasa. Sa'an nan aka sa jiragen yasa suna kwashe rairayin da ya saura, kamar dai yadda mu ke yasar rijiya.

Ran 1 ga Fabrairu 1914, watau wata ɗaya daidai bayan an haɗa Arewa da Kudu, wani jirgin ɗaukar wasiƙu mai suna Akoko, wanda ya nutse ƙafa 19 cikin ruwa, ya shiga tashar. Shi ne irinsa na fari da ya shiga.

Amma aikin ya bar baya da ƙura. A wannan gaɓa, teku daga yamma ya ke tura rairayi zuwa gabas. Da ganuwoyin suka tare shi, sai ya yi ta taruwa a gefen yamma, gefen gabas kuwa ya rasa mai cike masa abin da ruwa ya ke kwashewa. Shekara da shekaru teku ya yi ta cin gaɓar tsibirin Biktoriya, har ruwa ya riƙa hawa kan titi. A 2008 aka soma wani babban aiki na cike wurin da rairayin da aka zuƙo daga ƙarƙashin teku, aka kange shi da wata sabuwar ganuwa, a nan ne a ke gina unguwar da a ke kira Eko Atlantic. Hakimin da zaizayar ƙasa ta dama a gundumarsa zai gane wannan darasi, watau kowa ya tare wa ruwa hanya a wuri ɗaya, lalle ya duba inda zai ɓullo.

Abin da za a lura da shi a kan ruwa

Hanya mafi kyau ta ganin tashar ita ce a shiga jirgin fito daga Marina a ƙetara zuwa Apapa, ko kuwa a nufi Tarkwa, wata gaɓa da ke kusa da ganuwar yamma, wadda ba a zuwa sai ta ruwa. A can ne tsohuwar hasumiyar fitila ta ke, wadda aka gina a ƙarshen ƙarni na 19 domin ta nuna wa jirage bakin ƙofa da dare. Wanda ba ya son shiga ruwa kuwa, tun 2023 akwai jirgin ƙasa mai tashi daga Marina ya bi ta kan doguwar gada, daga cikinsa a na hangen yawancin tashar. Ga abubuwa biyar da ya kamata a lura da su.

1. Jagora. Duk gwanintar kyaftin, ba a barinsa ya shigo da babban jirgi shi kaɗai. Tun jirgin yana waje, wani ƙaramin jirgi zai kai masa jagora, ma'aikacin tasha wanda ya san zurfin kowane lungu. Zai hau ta tsanin igiya da aka zuro masa, ya tsaya kusa da kyaftin yana faɗa masa inda zai bi. Fataken dā ma ba su ratsa dajin da ba su sani ba sai da ɗan gari.

2. Jiragen ja. Waɗannan ƙanana ne amma injinsu ƙaƙƙarfa ne ƙwarai. Babban jirgi ba shi da birki, ba ya kuma iya juyawa a ƙuntataccen wuri, sai su ja shi ko su tura shi har ya jingina.

3. Alamomin hanya. Za a ga waɗansu abubuwa kamar ganguna suna yawo a bisa ruwa, an ɗaure su da sarƙa a ƙasa. Jirgi mai shigowa ya kan bar jajaye a hagunsa, koraye a damansa. Tsakaninsu ne aka yashe.

4. Lambobin jikin jirgi. A goshin jirgi da ƙarshensa akwai lambobi a jere daga ƙasa zuwa bisa, su ne ke nuna iyakar nutsewarsa. A tsakiyarsa kuma akwai wata da'ira da aka ratsa ta da layi. Idan ruwa ya rufe layin da aka ƙayyade, an yi wa jirgin lodin da ya fi ƙarfinsa ke nan, doka ta hana shi tashi. A Ingila aka kafa wannan doka a 1876, bayan jirage da yawa sun nutse saboda haɗamar masu su.

5. Kwantena. Su ne manyan sunduƙan ƙarfe da a ke gani an jibga su kamar tubali. Galibi tsawonsu ƙafa 20 ne ko 40, a ko'ina cikin duniya. Wannan daidaito shi ya sa a ke iya cika kwantena a Kano, a rufe, a ɗora wa mota ko tarago, injin ɗaga kaya ya sa ta cikin jirgi, ba a sake taɓa buhu ko ɗaya ba sai a ƙasar da za ta.

Apapa da Arewa

Da aka buɗe ƙofa, da fari a dakalin Kwastan da ke kan tsibirin Ikko jirage su ke jingina. Amma jirgin ƙasa ba ya isa can, sai an sake juye kaya a Iddo. Don haka aka zaɓi Apapa, wadda ke haɗe da babban tudu, inda tarago zai iya zuwa har gindin jirgi. A 1921 aka soma gina dakali mai tsawon ƙafa 1,800, mai ɗaukar manyan jirage huɗu, aka gama a 1926. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka ƙara masa ƙafa 2,500. A 1955 Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Nijeriya ta soma aiki, hedkwatarta kuwa tana kan Marina.

Mafi yawan abin da ya sa aka yi wannan ɗawainiya daga Arewa ya ke fitowa. Hanyar dogo ta tashi daga Ikko ta isa Ibadan a 1901, ta isa Jebba a 1909. A 1911 hanyar da aka jawo daga Baro ta isa Kano, a 1912 aka buɗe zirga-zirga tsakanin Kano da Ikko, tafiyar kimanin mil 700. A Jebba da jirgin fito a ke ƙetarar da taragu, har aka gama gada a 1916. Turawa auduga suka sa rai da ita, amma manoman Kano da fatakensu suka ga gyaɗa ta fi riba. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar a 1912 kimanin tan 2,500 ce, a 1913 kuwa ta haura tan 19,000.

Akwai abin lura game da dalar gyaɗa da a ke tunawa da ita da alfahari. Gaskiya ne alama ce ta ƙwazon manoma, amma kuma alama ce ta jinkiri, gama an riƙa jibge buhunan ne saboda taragu sun kasa kwashe su zuwa Apapa a kan kari. Cikin shekarun 1960 babu ƙasar da ta fi Nijeriya fitar da gyaɗa. Farin 1973, da annobar cutar gyaɗa ta 1975, da karkatar hankalin hukuma ga man fetur, su suka taru suka kashe wannan ciniki.

Goro ma ya bi wannan hanya. A dā ayarin Gwanja ya kan yi watanni a kan hanya da jakuna. Da jiragen ruwa suka yawaita, sai fatake suka riƙa ɗora goro daga gaɓar Gwalkwas, watau Gana ta yau, a sauke a Ikko, jirgin ƙasa ya hau da shi. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, yana cikin waɗanda suka fara bin hanyar teku da goro kafin ya shahara a cinikin gyaɗa.

Tarihi mai ɗaci

Ba gyaɗa ce farkon abin da aka fitar ta wannan ƙofa ba. Daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19, Ikko tana cikin manyan kasuwannin bayi na wannan gaɓa, ko da ya ke Ingila ta haramta wa mutanenta cinikin tun 1807. Cikin waɗanda aka sayar akwai Hausawa da Nufawa da Barebari, waɗanda yaƙe-yaƙen zamanin suka jefa hannun dillalai. An kai da yawansu Bahiya, a ƙasar Barazil. A can Hausawa suka yi shirin tawaye a 1807, suka kuma tayar a 1809 da 1814. A watan Azumi na 1835 bayi Musulmi, yawancinsu Yarabawa tare da waɗansu Hausawa, suka yi babban tawaye a birnin Salbado, aka sami layu da takardu masu rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe.

A Disamba 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Ikko ruwan igwa, suka kori Sarki Kosoko, suka mai da Akitoye bisa gado, ya sa hannu a kan hana cinikin bayi. Ran 6 ga Agusta 1861 ɗansa Dosunmu, yana ganin jirgin yaƙi a bakin ruwa, ya sa hannu a takardar miƙa garin ga Ingila, aka yanka masa buhu 1,200 na wuri kowace shekara. Daga wannan tsibiri mulkin Turawa ya soma yaɗuwa. Fadar Sarkin Ikko, Iga Idunganran, tana nan a unguwar Isale Eko, kusa da gindin gadar Carter.

A 1863 Glover, wani hafsan jirgin ruwa da aka ba riƙon Ikko, ya tara waɗansu Hausawa, yawancinsu waɗanda suka kuɓuta daga bauta, ya kafa rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover. Daga wannan ƙaramar runduna sojan Nijeriya su ke lissafin asalinsu. Shi Glover ɗin yana cikin jirgin Dayspring da ya fashe a kan dutse kusa da Jebba a 1857.

Waɗansu daga cikin bayin da aka kai Barazil, da waɗanda aka 'yanta a Saliyo, sun komo ta wannan teku. Sun zo da sana'ar gini da sassaƙa, suka kafa unguwarsu a tsakiyar tsibirin. Wanda ya ke son ganin aikin hannunsu, sai ya ziyarci masallacin Shitta-Bey, wanda attajiri Muhammadu Shitta ya gina, aka buɗe a 1894. Wakilin Sarkin Musulmi na Istanbul ya halarci buɗewar, shi ne ya kawo masa sarautar Bey.

Mai sukunin kwana guda kuwa, ya kamata ya je Badagry, kimanin mil 40 yamma da Ikko. A can akwai gidajen ajiye kayan tarihi inda a ke nuna sarƙoƙi da mari, a na kuma ƙetarawa da mutum zuwa gaɓar da a ke ɗora bayi cikin jirgi. A Badagry ne Kyaftin Clapperton ya sauka a ƙarshen 1825 a kan hanyarsa ta zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Sai da ya yi wata bakwai kafin ya isa Kano, ya kuwa rasu a ƙasar Sakkwato a 1827. Wannan nisa ne jirgin ƙasa ya mayar tafiyar 'yan kwanaki.

Jiragen da suka shuɗe

Kafin jirgin sama ya yawaita, duk mai zuwa Ingila daga Apapa ya ke tashi. Kamfanin Elder Dempster yana da jiragen fasinja uku da dattawa su ke tunawa da su, watau Accra, da Apapa, da Aureol wanda ya soma aiki a 1951. Tafiya zuwa Libaful kimanin mako biyu ce, da tsayawa a Takoradi da Firitawun. A 1974 Aureol ya yi tafiyarsa ta ƙarshe tsakanin Ikko da Ingila.

Ta nan ne kuma aka ɗauki sojojinmu zuwa Gabashin Afirka a 1916, aka kuma ɗauke su zuwa Indiya da Bama a 1943 da 1944. Da wuya a sami gunduma a Arewa wadda ba ta ba da 'ya'yanta ba, yawancinsu kuwa ranar da suka hau jirgi ita ce ranar da suka fara ganin teku.

A 1959 Gwamnati ta kafa kamfanin jiragen ruwa na ƙasa. An raɗa wa jiragensa sunayen manyan mutane, kamar su Dan Fodio, da El Kanemi, da Oduduwa, da King Jaja, da Ahmadu Bello. Rashin kyakkyawan riƙo da bashi suka durƙusar da shi, aka rushe shi a 1995. Don haka mai ziyara kada ya yi mamaki idan ya ga kusan dukan manyan jiragen da ke Apapa na baƙi ne.

Cunkoso da faɗaɗawa

Tasha kamar ƙofar gari ce, akwai iyakar abin da za ta iya haɗiyewa a yini. A 1975, sa'ad da kuɗin man fetur ya yawaita, ma'aikatun Gwamnati suka yi odar siminti wajen tan miliyan 20, ba tare da an lissafa abin da Apapa za ta iya saukewa ba. Ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko a bakin teku wata da watanni, a na biyansu kuɗin jira kowace rana, simintin waɗansu har ya daskare a cikinsu, sauran kayan masarufi kuma suka rasa hanyar shigowa. Wannan ne ya sa aka gaggauta gina tasha ta biyu a tsibirin Tinkan, kusa da Apapa, aka buɗe ta a 1977.

A 2006 aka ba kamfanoni hayar wuraren lodi da saukewa, Hukuma ta riƙe mallakar ƙasa da kula da hanyar ruwa. A 2021 aka buɗe sabuwar hanyar dogo daga Ikko zuwa Ibadan, mai reshe zuwa cikin Apapa. A 2023 aka buɗe sabuwar tasha a Lekki, gabas da birnin, zurfinta mita 16 da rabi, domin jiragen da suka fi ƙarfin Apapa. A Arewa kuma an buɗe tashoshin tudu, ta Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, domin ɗan kasuwa ya gama da Kwastan kusa da gida.

Abin da ya shafi Hakimai da Malamai

Ko da ya ke zamanin gyaɗa ya wuce, har yanzu riɗi, da citta, da zoɓo, da ƙaro, da fatu suna fita ta Ikko. Abin da mai saye a ƙetare zai gani idan ya buɗe buhu, a ƙauye aka ƙulla shi. Idan an cakuɗa tsakuwa ko ƙasa domin nauyi, ko an ɗura kaya da danshi, ko an zuba maganin ƙwari ya wuce ƙima, ba sunan manomi ɗaya ne zai ɓaci ba, na ƙasa ne duka. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka riƙa samu a cikinsa, mai laifi da marar laifi duk suka yi hasarar kasuwa. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. A na roƙon Hakimai su riƙa tuna wa Dagatai da Masu Unguwanni da Sarakunan Kasuwa wannan magana, tun ba lokacin kaka ba.

Abu na biyu shi ne adana tarihi. Ikko ta yi hasarar abubuwa da yawa. Tsohon bakin ruwan Marina, inda kamfanoni su ke da gadojin sauke kaya, an cike shi da ƙasa cikin shekarun 1970 domin a yi titi. Wani shahararren gida na ginin 'yan Barazil mai suna Ilojo, wanda doka ta sa cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956, an rushe shi a 2016. Idan haka ta faru a babban birni, to, a gunduma fa? Kusan kowace gunduma da ke kan hanyar dogo tana da tsohon sikeli, ko siton kanti, ko filin da a ke awon gyaɗa da auduga, tana kuma da zuriyar fatake da ta tsofaffin soja waɗanda suka ji labari daga bakin iyayensu. Ya kamata Malamin Hakimi ya buɗe littafi, ya rubuta sunan wurin, da shekararsa in an sani, da sunan wanda ya ba da labari. Rabin tarihin tashar Ikko a Arewa ya ke, in ba mu rubuta shi ba kuwa babu mai rubuta mana.

Gargaɗi ga mai ziyara

Cikin tashar Apapa da Tinkan ba wurin yawo ba ne. Wanda ya ke son shiga da jama'arsa, sai ya rubuta wa Hukumar Tashoshi tun da wuri ya nemi izni. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada a ɗauki hoton wuraren sojan ruwa. Kada a shiga jirgin fito sai daga tashar da hukuma ta sani, kada a yarda a zauna ba rigar ceto, kada kuma a shiga wanda aka cika shi ya wuce ƙima, ko mai tafiya bayan magariba. Wanda ya iya iyo a kogi ko kududdufi kada ya gwada a bakin teku, gama igiyar ruwan wannan gaɓa ta kan janye mutum ta ƙasa. Rani ya fi dacewa da wannan ziyara, domin da damina, musamman Yuni da Yuli, ruwan sama ya kan yi yawa. A bar rabin yini kuma domin Gidan Kayan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957, inda za a ga kayan Nok da aka tono a ƙasar Arewa.

Wanda ya dawo daga wannan ziyara, muna fata zai tara Dagatansa da malaman makarantun gundumarsa ya ba su labarin abin da ya gani, domin su ma su san inda guminsu ya ke bi kafin ya zama kuɗi. Gani ya kori ji.

Allah ya kai ku lafiya, ya komo da ku lafiya, amin.